Gashin Tukunyar Ƙasa da Rufin Kindirmo: Girkin Bulgeriya a Madafin Abuja

Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin zai ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar garin Kwali da ke cikin Babban Birnin Tarayya a yau. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko da ta yi aiki a wurin, kuma kafin rasuwarta a 1984 tukwanenta sun zagaya Ingila da Amurka. Sana'ar ba ta mutu ba. Har gobe matan Gbagyi na gina tukwane a Ushafa ta yankin Bwari, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agustan 2000, haka ma a Giri da ke kan hanyar Gwagwalada. Abin da ya mutu shi ne girki a cikinsu. Ki leƙa gidajen Gwarimpa ko Wuse, tukunyar ƙasa ta koma mazubin fulawar ado a bakin ƙofa, in ta yi sa'a kuma ta zama kaskon turaren wuta.

A Bulgeriya kuwa ba su saki tasu ba. Ƙasa ce ƙarama a kudu maso gabashin Turai, tana maƙwabtaka da Turkiyya da Girka, ta kuma yi kusan shekara 500 ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa kafin 1878, shi ya sa girkinsu ya fi kama da na Turkawa fiye da na Ingila. (Tsofaffin mazauna Legas sun san su ta wata fuskar: kamfanin ƙasar, Technoexportstroy, shi ya gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu gabanin bikin FESTAC na 1977.) Manyan girke-girken gidajensu sun rataya ne a kan abu biyu, tukunyar ƙasa da kindirmo marar sukari. Dukansu muna da su a Abuja, ɗaya a hannun Gbagyi, ɗaya a hannun Fulani. Saboda haka abin da ke tafe ba ya buƙatar kayan kanti masu tsada. Abin da yake buƙata, uwargida, shi ne ki iya sarrafa wuta, ki kuma iya riƙe hannunki daga zuba ruwa.

Mu fara da tukunyar. Kafin ki fita, auna tsayi da faɗin cikin obin ɗinki da zare, ki tafi da zaren, don tukunya takan yi ƙarama a idon mai saye a fili, sai an kawo ta gida a ga ƙofar obin ta ƙi rufuwa. Ki faɗa wa magina cewa ta girki kike so, mai faɗin baki. Randa da tulu ba za su yi ba, don an gina su ne su riƙa tsatsafo da ruwa su sanyaya shi. Ki ƙwanƙwasa gefenta da ɗan yatsa: in ta yi ƙara mai zaƙi ta gasu sosai, in ta yi wata ƙara a dushe akwai tsaga a ɓoye ko gashin bai kai ba. Wadda aka shafa wa fenti ko man ƙyalli don ado ki bar ta wa masu falo. Akwai kuma masu sheƙi kamar tangaran da ake gasawa a tanderun zamani. Waɗannan suna da kyau, amma ki tambaya ko an yi su don abinci ne, domin wasu sinadaran sheƙin na ɗauke da dalma, kuma abu mai tsami irin tumatir da kindirmo yana jawo dalmar zuwa cikin abinci. Tukwanen Bulgeriya, musamman na garin Troyan da ya yi suna a wannan sana'a, masu sheƙi ne da murfinsu. Tamu ta gargajiya a buɗaɗɗiyar wuta ake gasa ta, jikinta na shan ruwa da mai, don haka tana son horo kafin a fara aiki da ita.

Horon ba wuya. Ki wanke ta da ruwa zalla, ki nutsar da ita cikin baho ta kwana, ki kife ta a inuwa ta yini ta bushe. Sai ki shafe cikinta da man gyaɗa, ki dama gasara ko garin shinkafa ruwa-ruwa, ki cika ta da shi, ki ɗora a kan garwashin da ya fara yin toka. Ki bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali har ya yi kauri, ki sauke, ki bar kunun ya huce a ciki kafin ki zubar. Wannan kunun shi ke toshe ƙananan ƙofofin yumɓun, ya kuma kashe ɗanɗanon ƙasa da sabuwar tukunya ke sa wa abinci.

Daga nan doka ɗaya ce ke tsare ta: kada zafi ko sanyi ya zo mata bagatatan. A obin mai sanyi ake saka ta, sannan a kunna, su ɗau zafi tare. In za ki ƙara ruwa a tsakiyar girki, ruwan zafi za ki ƙara. In kin fito da ita, a kan katako ko tsumma mai kauri za ki ajiye, ba a kan tayil ko siminti ba. Yawancin tukwanen da ake cewa "ba su da kyau" a wannan gaɓar suka tsage. Tun da gindinta a zagaye yake, ki naɗa mata gammo da takardar gashi ta alminiyom, ko ki zaunar da ita cikin tire mai yashi, don kada ta tuntsure.

Girki na farko shi ne wanda suke kira gyubec, wato nama da kayan lambu da aka rufe a tukunya aka gasa a hankali. Ga gida mai mutum shida, ki nemi naman rago ko na sa kilo 1, dankalin Turawa kilo 1, albasa manya 3, tumatir 5, tattasai 4, karas 3, baƙin yalo na Turawa guda 1 ko yalonmu fari kamar 4, koren wake cikin hannu biyu, da ƙananan ɗanyar kuɓewa kamar 15. Wannan ba ƙa'ida ba ce da ba ta canzawa. A can ma kowace uwa da abin da take zubawa, gwargwadon abin da lambu ya bayar. Idan kina sayayya da yawa, kasuwar Dei-Dei ko ta Orange a Mararaba sun fi sauƙin tumatir da tattasai, a Wuse da Utako kuwa za ki fi samun yalon Turawa da ganyayen ƙamshi. A wurin mahauci kada ki karɓi tsoka zalla. Ki ce ya ba ki wuya, ko kafaɗa, ko ƙauri, inda akwai jijiya da ɗan kitse da ƙashi. Irin wannan naman da ke ba mu wahala a miyar gaggawa shi ne ke narkewa a gashin awa biyu, jijiyarsa ta koma romo mai danƙo. A Bulgeriya da yawa suna yi da naman alade, wasu su tsiyaya giya. Mu ba ruwanmu da wannan, kuma babu abin da girkin ya rasa: rago ya fi daɗi, ɗan tsamin da giyar ke bayarwa kuma cokali biyu na ruwan tsamiya ya wadatar.

Kayan ƙamshinsu ba su da yawa. Babban cikinsu garin jan tattasai ne marar yaji, sai wani ganye da suke kira cubritsa, wanda tayim ɗinmu na kasuwa ya fi komai kusa da shi, sai na'ana'a idan naman rago ne, da ganyen bay da masoro da tafarnuwa. Garin tattasan za ki iya yi da kanki: ki sayi busasshen tattasai, ki cire 'ya'yan, ki daka ki tankaɗe. Attaruhu ba ya cikin nasu, amma ban ga laifin jefa ɗaya ko biyu ba a fasa ba, ƙamshin ya fita ba tare da ya mamaye komai ba. Shawarata ita ce a karon farko ki rage dunƙulen ɗanɗano zuwa ɗaya, ki bar kori gaba ɗaya. Idan kika zuba duk abin da kike zubawa a miyar dage-dage, miyar dage-dage za ki samu a tukunyar ƙasa, wahalar ta tashi a banza.

Ki yanka naman manya-manya, ki barbaɗa gishiri, ki soya shi sama-sama a kaskon ƙarfe da man gyaɗa kamar ludayi ɗaya, kaɗan-kaɗan, har ya yi ja. A cikin man nan ki soya albasa ta yi laushi, ki sauke kaskon daga wuta, sannan ki zuba garin tattasai cokali biyu ki juya. A sauke ɗin ake zubawa, don garin tattasai na ƙonewa nan da nan ya yi ɗaci. Ki zuba ruwa kofi ɗaya ki kankaro abin da ya kama a gindin kaskon, shi ne rabin daɗin girkin. Ki bar su su ɗan sha iska, tun da tukunyar a sanyaye take.

Jerawa kuma tana da tsari. Nama da albasa a ƙasa, karas da dankali a kai, sannan yalo da koren wake da tattasai, kuɓewa a sama ba tare da an yanka ta ba (kan kawai za ki gyara, kada ki huda cikinta, in ba haka ba yauƙi zai cika tukunyar), tumatir yankakke faifai-faifai ya rufe komai. Kowane hawa ki barbaɗa masa gishiri da tayim. Ruwa kuwa, kofi ɗayan nan da ke cikin kasko da ƙarin rabin kofi, shi ke nan. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, don mun saba ganin ruwa ya sha kan nama. Amma kayan lambun nan kusan dukansu ruwa ne, kuma a rufaffiyar tukunya tururin ba ya da hanyar fita, sama yake hawa ya taru a murfi ya koma. Wanda ya cika ruwa farfesun dankali zai ci.

Ki rufe da kasko ko farantin ƙarfe da ya yi daidai da bakin. Ki kwaɓa fulawa da ruwa da tauri, ki murza ta kamar igiya, ki liƙe tsakanin murfin da tukunyar. Sai cikin obin, ki kunna a digiri 180 na ma'aunin Selsiyos. Rago yakan nemi awa biyu daga lokacin da obin ya ɗau zafi, naman sa irin na shanunmu masu tafiyar ƙasa kuma awa biyu da rabi ko uku. Ba a buɗewa, ba a juyawa. Idan lokaci ya cika ki fasa liƙin, ki taɓa naman da cokali mai yatsu. In yana rabuwa da kansa, ki mayar da tukunyar a buɗe na minti 15 samanta ya yi ja. Da burodi suke ci a can. Da gurasa ya fi tafiya a ganina, ko da farar shinkafa.

To, wadda ba ta da obin fa, ko wadda wuta ta saba ɗauke mata a tsakiyar aiki, ko mai lissafin abin da awa uku za ta ci na gas? Gawayi ya isa, kuma tukunyar Gbagyi dama don wutar itace aka gina ta. Ki hura kurfoti, ki jira garwashin ya lulluɓe da farin toka, ki ɗora tukunyar, ki ɗebi garwashi kamar kashi ɗaya cikin uku ki zuba a kan murfin ƙarfen. Duk bayan rabin awa ki ƙara gawayi biyu-uku a gefe. Ki kasa kunne: ƙaramar ɓararraka kike so ki ji, in kin ji tana tafasa da ƙarfi ki janye garwashi. Wannan aikin a tsakar gida ko baranda ake yin sa. Gawayi a rufaffen kicin yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, kada a yi wasa da wannan ko da sanyin hunturu ne.

Sai kindirmo, wanda 'yan Bulgeriya ke alfahari da shi fiye da komai a madafinsu. Wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, shi ya gano ƙwayar halittar da ke sa madara ta yi tsami ta daskare, a Geneva a 1905, kuma har yau sunan ƙasarsa ƙwayar ke ɗauke da shi a littattafan kimiyya, Lactobacillus bulgaricus. Matan Fulani ba su jira wannan bincike ba, amma ya bayyana dalilin abin da suke yi. Don gashi, kindirmo na gaske ake so, mai kauri da maiƙonsa, ba tsala da aka kaɗe aka cire man aka tsinka da ruwa ba, ba kuma yogot na roba mai sukari da ƙamshin ayaba ba. In kina da Bafillatanar da kika saba da ita, to madalla. In babu, ki yi naki. Ki tafasa madarar shanu lita ɗaya (tafasawar wajibi ce, ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar tarin fuka da baƙƙale), ki bar ta ta huce har ki iya tsoma ɗan yatsa ki ƙirga goma ba ki cire ba, wato wajen digiri 43 zuwa 45. Ki dama cokali biyu na tsohon kindirmo da ɗan madarar, ki juye a ciki, ki rufe, ki lulluɓe da tawul, kada a motsa shi. A zafin Maris na Abuja awa huɗu ko biyar sun isa, a hunturu ki zuba cikin kula ya kwana. Madarar gari mai cikakken mai ita ma tana yi. Idan ya tsinke, ki juye a ƙyallen tatar koko ki rataye na awa ɗaya.

Da shi ake yin rufin da ke kan girki na biyu, wanda suke kira musaka. Musakar Girkawa da yalo ake yi, ta Bulgeriya kuwa da dankali, shi ya sa ta fi dacewa da mu da dankalin Filato ke sauko mana kullum. Ki soya albasa biyu da niƙaƙƙen nama rabin kilo har ruwan naman ya ƙafe, ki zuba garin tattasai da tayim da masoro da tumatir uku da kika goga, sannan dankali kilo 1 da kika yanka ƙanana kamar ƙwayar gurjiya. Ƙanƙantar yankan ita ce sirrin, manya ba sa nuna daidai da naman. Ki juye a tire mai zurfi ko faffaɗan kaskon ƙasa, ki zuba ruwan ɗumi ya tsaya daf da saman dankalin ba tare da ya rufe shi ba, ki gasa a buɗe a digiri 200 na kimanin minti 40, har ruwan ya kusa ƙafewa.

Rufin kuma: kindirmo kofi 2, ƙwai 3, fulawa cokali 2, gishiri, da bekin soda rabin ƙaramin cokali. Ki fara zuba sodar a kindirmon, za ki ga ya kumfo, sannan ki kaɗa ƙwai da fulawar a ciki har gudaji su ɓace. Fulawar ce ke hana kindirmon tsinkewa ya rabu da ruwansa idan ya ji wuta, sodar kuma ta haɗu da tsaminsa ta sa rufin ya tashi. Wadda ta saba kashe tsamin ƙullun waina da ruwan kanwa ta riga ta san wannan aikin, kuma cokali ɗaya na tataccen ruwan kanwa zai iya tsayawa a madadin sodar, sai dai in ya yi yawa rufin zai yi duhu ya yi bauri. Ki zuba a kan dankalin yana da zafi, ki baza, ki mayar na minti 15 zuwa 20 har ya yi ja-ja-ja. Kada ki yanka nan take. Ki ba shi minti 20 ya zauna, sannan zai fito yanka-yanka a tsaye. Ana ci da ƙarin kindirmo mai sanyi a gefe. Wannan rufin za ki iya zuba shi a kan gyubec ma a minti 15 na ƙarshe.

Marar obin a nan sai ta koma ga dabarar masu kek ta da: babbar tukunyar ƙarfe, yashi mai tsabta ko tsakuwa kamar kaurin yatsu uku a gindinta, a rufe ta yi zafi na minti 15, a ɗora tiren a kan wasu gwangwanaye don kada ya taɓa yashin. Sai dai wutar ƙasa kaɗai ba ta sa rufi ja. Dole sai an zuba garwashi a kan murfin a zangon ƙarshe.

Akwai kuma banitsa, wadda ita ce abin karin kumallonsu da na bukukuwa, har a daren sabuwar shekara sukan ɓoye ƙananan takardun fatan alheri a cikinta. Ta asali da fallayen kwaɓaɓɓiyar fulawa masu sirantaka kamar takarda ake yi, kuma murza su aiki ne na wanda ya gani a hannun uwarsa. Amma suna da wata ta gaggawa da su kansu suke kira ta malalata, da burodin jiya. Ki shafe tire da man shanu, ki jera yankan burodi, ki marmasa cuku a kai, ki ƙara wani hawan burodi, ki kaɗa ƙwai 4 da kindirmo kofi 1 da madara kofi 1 da ɗan soda ki kwarara, ki bar burodin ya sha na minti 10, ki ɗiga man shanu a sama, ki gasa rabin awa. Cukunsu fari ne mai gishiri da ake ajiyewa cikin ruwan gishiri. Mafi kusa da shi a nan shi ne ɗanyen cukun Fulani da Yarbawa ke kira wara. Shi ba shi da gishiri ko tsami, don haka ki jiƙa shi ya kwana a firiji cikin ruwan gishiri da ɗan lemon tsami. Ki nemi burodin da sukarinsa bai yi yawa ba, don burodinmu na leda zaƙinsa na faɗa da cukun.

Bayan an ci, tukunyar ta huce gaba ɗaya kafin ruwa ya taɓa ta. Sabulu da omo ba sa shiga cikinta, jikinta zai shanye su ya mayar miki a girki na gaba. Ruwan ɗumi da soso sun isa, in wani abu ya kama ki jiƙa ki goge da toka ko gishiri. Ki shanya ta a rana ta bushe ƙayau, ki ajiye ta a buɗe, musamman daga Yuni zuwa Satumba da damshin Abuja ke sa komai fumfuna. In ta yi fumfunar ba ta lalace ba: ki goge ta da gishiri, ki tafasa ruwa a ciki a kan garwashi, ki sake shafa mai. Kuma ki ware wadda za ki riƙa gasa kifi a ciki daban, don ƙarnin kifi in ya shiga yumɓu ba ya fita.